Abin da ya kamata ku sani game da hotunan da kumbo ke turowa daga wata

Daren Juma'a 28 ga Fabrairu 2025 fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ta ba da sanarwar ganin watan Ramadan, aka tashi da azumi ranar Asabar. Ranar Lahadi 2 ga Maris, azumi na biyu ke nan, da wajen ƙarfe tara da rabi na safe agogon Najeriya, wani kumbo da babu kowa cikinsa ya dira a kan wannan watan dai da aka gani. Sunansa Blue Ghost. Kamfanin Firefly Aerospace na jihar Texas ya ƙera shi, ya ɗauko na'urorin bincike goma na hukumar NASA ta Amurka, bayan tafiyar kusan wata ɗaya da rabi daga Florida. Kafin a sha ruwa hotunansa sun shiga wayoyin mutane: ƙasa toka-toka, sama baƙi ƙirin, inuwar kumbon ta miƙe doguwa a gabansa, can sama kuma ga duniyarmu 'yar mitsitsiya.

Duk mai zama majalisa a unguwar Runjin Sambo ta Sakkwato, ko a teburin mai shayi bayan asham, ya san yadda irin wannan hoto ke ƙarewa. Waya ta zaga hannu biyar ko shida. Wani ya ce, "Malam, in babu kowa can, wa yad ɗauki hoton?" Na kusa da shi ya matso da ita ido, ya ce, "To ina tamrari?" Wani dattijo ya kawar da kai: "Bari, Alhaji, aikin kwamfuta na." Sai wani ya rufe da cewa su suna zuwa wata, mu ko wutar lantarki ta gagare mu. Daga nan hira ta koma kan farashin gero.

Tambayoyi ne masu ma'ana. A zamanin da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, wanda ya tsaya ya yi shakka ya fi mai haɗiye komai. Abin da ke damuna shi ne ana jefa tambayar a tashi, ba a jira amsa ba, alhali kowacce tana da amsa, kuma mutumin Sakkwato ya fi mutane da yawa kayan aikin da zai auna ta, domin ya san lissafin wata.

Mu fara da ranar saukar, don a nan ne abin ya fi daɗi. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskowa, kuma kullum rabinsa na cikin rana, rabinsa na cikin dare. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani kwana 29 ne da rabi, shi ya sa watanninmu ke yin 29 ko 30. Wannan tsawon shi ne yini ɗaya da dare ɗaya a kan wata: kusan mako biyu ana rana, kusan mako biyu ana dare. Jinjirin watan da muke nema bayan magariba, wannan siririn farin yanki, wuri ne da gari ya waye a can. Kowane dare farin na ƙara faɗi domin safiyar na ƙara matsawa.

Kumbo irin Blue Ghost da farantan sola yake aiki, kuma sanyin daren wata, wanda ke wuce digiri 130 ƙasa da sifili, yana kashe batir da na'urori. Saboda haka masu shi kan so ya sauka da sanyin safiyar wurin, ya samu mako biyun nan cif. Inda aka zaɓa masa shi ne Mare Crisium, wani baƙin fili mai faɗi kusa da gefen wata, kuma a can rana kan fito ne wata na da kwana biyu zuwa uku. Wato kumbon ya sauka a daidai bakin jinjirin da masu azumi suke kallo a yammacin ran nan. Yanzu a koma kan hoton. Rana ta fito ke nan daga gabas, tana ƙasa-ƙasa a bayan kumbon, shi ya sa inuwarsa ta yi tsawo ta nufi yamma. Duniya kuwa daga Mare Crisium a yamma take, kuma a nan ta fito a hoton, a saman inuwar. Ranar 16 ga Maris, wata ya ɗan wuce goma sha huɗu, rana ta faɗi a wurin, bayan 'yan sa'o'i kumbon ya yi shiru. Ranar sauka, tsawon inuwa, wurin da duniya take, ranar mutuwa, duk sun zo daidai da kalandar da ke rataye a shagunanmu.

Za ku iya gwada wannan a kan sauran. Kumbon Chang'e 4 na ƙasar Sin ya sauka ranar 3 ga Janairu 2019 a bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantarmu. A ranar saura 'yan kwanaki wata ya mutu a wurinmu, fuskar da muke gani ta kusa duhu baki ɗaya, wanda ke nufin hasken ya koma bayan. Haka ya kamata ya kasance. Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka 23 ga Agusta 2023, wata na da kusan mako guda, lokacin da gari ya waye a inda ya nufa.

Sai batun wanda ya ɗauki hoton. Kyamarorin a jikin kumbon suke, wasu a sama, wasu a gefe, wasu a ƙarƙashi suna kallon ƙasa. Shi ya sa a mafi yawan hotunan ba ka ganin kumbon gaba ɗaya, sai ƙafarsa ɗaya, ko gefen farantin sola, ko inuwarsa. Idan aka ga kumbo cikakke daga nesa, to akwai na biyu da ya ɗauke shi. A Disamba 2013 Chang'e 3 ya sauke wata 'yar mota mai suna Yutu, ta matsa gaba, suka ɗauki juna. Motar Indiya, Pragyan, ta juyo ta ɗauki kumbonta Vikram ranar 30 ga Agusta 2023. Na Japan ya fi ban sha'awa: kafin kumbon SLIM ya taɓa ƙasa a Janairu 2024, ya jefar da wani ɗan mutum-mutumi da bai wuce cikin tafin hannu ba, wanda aka ƙera tare da kamfanin kayan wasan yara na Takara Tomy. Shi ya ɗauki hoton da ya nuna kumbon ya kafe da hanci a ƙasa. Hoton kan koma sigina ya taho ta rediyo, ya ratso kimanin kilomita 384,000 a cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, manyan faranta a doron ƙasa su karɓa.

Akwai inda masu shakka suke da gaskiya, kuma ya kamata a faɗa. Idan ka ga bidiyo yana nuna kumbo daga waje yana saukowa yana feshin wuta, wannan zane ne na kwamfuta, domin babu mai tsayawa can ya ɗauka. Ranar saukar Chandrayaan-3 hukumar ISRO ta Indiya ta nuna irin wannan zane a allo don masu kallo su fahimci inda kumbon yake a kowace daƙiƙa. Mutane suka yanke shi suka yaɗa, wasu suna cewa ga bidiyon sauka, wasu suna cewa ga shaidar ƙarya, duka biyun ba su san zane aka ce ba tun farko. Haka kuma faffaɗan hotuna da yawa haɗi ne na ƙananan hotuna da aka jera, kuma gilashin wasu kyamarori kan lanƙwasa gefen hoto. Hukumomin kan rubuta haka a ƙarƙashi, amma rubutun ne farkon abin da ke faɗuwa idan hoto ya shiga WhatsApp.

Taurari kuwa suna nan, kyamara ce ba ta kama su ba. Hotunan nan da rana ake ɗaukarsu, ƙasa na ƙyalli, jikin kumbo na ƙyalli, dole kyamara ta tsuke ido ta buɗe na ɗan lokaci ƙalilan, in ba haka ba komai ya fito fari fat. Hasken tauraro ya yi rauni ya shiga a wannan ɗan lokaci. Ka gwada da wayarka a daren goma sha huɗu: ka saita ta kan wata, ka rage haske har baƙaƙen tabon jikinsa su fito. Za ka tarar sauran saman ya zama baƙi, taurarin da idonka ke gani a gefensa sun ɓace daga hoton. Abin da ya sa sama ke baƙi da rana a can shi ne rashin iska. Shuɗin samanmu iska ce ke watsa hasken rana, kamar yadda hazon hunturu ke mai da saman Sakkwato fari ya ɓoye rana. A wata babu abin da zai watsa haske, sai rana ta tsaya fara a cikin baƙin sama, inuwa kuma ta yi baƙi mai kaifin baki.

Rashin iskar nan shi ne wahalar sauka. Laima ba ta aiki. Kumbo na zagaya wata da gudun kusan kilomita 6,000 a sa'a, kuma da wutar roka kaɗai zai taka birki har ya ajiye ƙafa a hankali. Ba a iya tuƙa shi daga ƙasa, domin kafin hoto ya iso umarni ya koma an yi kusan daƙiƙa uku, dutse kuwa ba ya jira. Kwamfutar cikinsa ce ke duba ƙasa, ta kauce wa rami da duwatsu, ta zaɓi wuri. Ƙasashe biyar ne kawai suka taɓa sauke kumbo lafiya: Tarayyar Sobiyet, Amurka, Sin, Indiya da Japan. Waɗanda suka faɗi suna da yawa. Beresheet na Isra'ila ya tarwatse a Afrilu 2019, Vikram na farko na Indiya a Satumba na shekarar, Luna 25 na Rasha a Agusta 2023, kwana huɗu kafin nasarar Indiya. A Afrilu 2023 kumbon kamfanin ispace na Japan, ɗauke da motar Rashid ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ruɗe da ya wuce ta saman gaɓar wani rami, kwamfutarsa ta ɗauka ya iso ƙasa alhali saura kusan kilomita biyar, ya yi ta ƙona mai har ya ƙare, ya faɗo. Odysseus na kamfanin Intuitive Machines ya karya ƙafa ya jingine a Fabrairu 2024, ɗan'uwansa Athena ya kwanta a gefe kwana huɗu bayan saukar Blue Ghost. Duk masu su ne suka fito suka faɗa, wasu har da hotuna. Mai shirya ƙarya ba ya tallata hoton kunyarsa.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda garin nan ya saba aiki da ita. Idan mutum ya ce ya ga wata, ba a cewa ƙarya yake, ba a kuma buga ganga nan take. Ana tambayarsa a ina, da wane lokaci, ta wace fuska, wa ke tare da shi. Labari ya bi ta hannun hakimi da sarkin yanka ya iso kwamitin fada, a haɗa shi da abin da ya zo daga wasu garuruwa. A mazhabar Malikiyya ana neman adilai biyu ko jama'a mai yawa da ba za su haɗu kan ƙarya ba. To saukar kumbo ma tana da shaidu, kuma mafi amfaninsu su ne waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Tun kumbo na farko haka aka yi. Luna 9 na Tarayyar Sobiyet ya sauka 3 ga Fabrairu 1966, shi ne farkon da ya turo hoto daga doron wata. Masana a tashar Jodrell Bank ta Ingila, ɓangaren abokan gabar Sobiyet a lokacin, suka tsinci siginar da farantinsu, suka gane irin wadda jaridu ke aika hoto da ita ce, suka aro na'ura daga jaridar Daily Express, hotunan suka fito a Ingila kafin Mosko ta fitar da nata. A Nuwamba 1969 'yan sama jannatin Apollo 12 na Amurka suka sauka kusa da kumbon Surveyor 3 da ya riga su da shekara biyu da rabi, suka kwanto kyamararsa suka dawo da ita. Tun 2009 wani kumbon NASA mai suna Lunar Reconnaissance Orbiter ke zagaya wata yana ɗaukar hoto, ya nuna kumbunan Sin da na Indiya zaune inda masu su suka ce. Kumbon Indiya da ke zagaya wata shi ma ya ɗauki wuraren da Apollo 11 da 12 suka sauka. Akwai kuma madubai da Amurka da Sobiyet suka bari a can, waɗanda har yau tashoshi a ƙasashe daban-daban ke harba wa haske ya dawo, da haka aka auna cewa wata na nisantar duniya da kusan santimita 3.8 a shekara. Sin ta kwaso ƙasar wata a 2020, ta sake kwasowa daga bayansa a 2024, kusan kilo biyu. Da Amurka ƙarya ta yi a 1969, babu wanda zai fi Mosko da Beijing murnar tona ta.

Irin wannan tantancewa tana yanka ta ɓangare biyu. Da yawanmu mun taso muna jin cewa ɗan sama jannati Neil Armstrong ya ji kiran sallah a wata ya musulunta. Shi da kansa ya musanta, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta bayanin musantawa a 1983. Addini ba ya bukatar labarin da ba shi da tushe, ga na gaskiya nan birjik. Farouk El-Baz, masanin duwatsu ɗan Masar, yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren da Apollo zai sauka, ya kuma koya wa 'yan sama jannati yadda za su karanta ƙasar wata. A gabashin Mare Crisium, ba nisa da inda Blue Ghost yake, akwai wani rami da aka raɗa wa suna Alhazen, wato Ibn al-Haitham, malamin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Shi ne ya kafa hujjar cewa gani na samuwa ne idan haske ya shigo ido, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƙaramar huda, asalin dabarar da kowace kyamara ke aiki da ita.

Ga ni, hoton da ya fi kowanne a tafiyar Blue Ghost shi ne na 14 ga Maris, azumi na goma sha huɗu. A ranar an yi husufin wata, wanda mutanen nahiyar Amurka suka fi ganinsa sosai. Mu a nan idan haka ta faru akan ce rana ta kama wata, a fita sallah. Kumbon yana can cikin abin, ya ɗauko shi daga ɗaya ɓangaren: duniya ta shiga tsakani ta rufe rana, ta zama baƙin faifai da zoben haske kewaye da ita, jikin kumbon ya yi ja. Zoben nan hasken rana ne da ya ratso ta iskar duniya ya lanƙwaso, kuma shi ne jan da muke gani a fuskar wata yayin husufi.

Saura maganar wutar lantarki. Zafin rai ne na gaskiya, ba na cewa a haɗiye shi. Sai dai kuɗin ba su kai yadda ake zato ba: NASA ta biya Firefly kimanin dala miliyan 101 don kai kayanta, Chandrayaan-3 kuma an ƙiyasta shi a kan kusan dala miliyan 75. Indiya ba ta jira ta gama da talauci ba kafin ta kafa ISRO a 1969, kuma taurarin ɗan'adam da hukumar ta fi yi na hasashen yanayi ne da sadarwa da duba gonaki. Zuwa wata ya biyo baya, a hannun injiniyoyin da wancan aiki ya horar. Abin da ake nema a can yanzu shi ne ƙanƙarar ruwa a ramukan kudancin wata da rana ba ta shiga, domin ruwa na nufin sha da iskar shaƙa da man roka.

Kuma ba baƙi ba ne mu a wannan fage kamar yadda muke ɗauka. A farkon shekarun 1960 NASA na da tasha a Kano da ke bin sawun kumbunan Mercury, ta nan ɗan sama jannati John Glenn ya yi magana da ƙasa yana wucewa ta samanmu a Fabrairu 1962. A Agusta 1963 Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy na Amurka suka yi waya ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi haka. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, a 1999, NigeriaSat-1 ya tashi a 2003, a 2011 aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa yayin samun horo a Ingila. A Disamba 2022 Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis kan binciken wata. Kafin duk wannan, a 1824, wani Bature mai suna Clapperton ya shimfiɗa taswirar taurari a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a nan Sakkwato, ya rubuta cewa Sarkin ya san burujai duka da taurari da yawa da sunayensu na Larabci, yana ta tambaya kan na'urorin awo da baƙon ya zo da su. Tambayar Bello ta neman sani ce, ya kuma tsaya ya ji amsa.

Hotunan Lunar Reconnaissance Orbiter a buɗe suke a intanet kyauta, ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke haya a Runjin Sambo zai iya sauke su kamar kowa. Lokacin da Vikram na farko ya ɓace a Satumba 2019, an yi makonni ba a san inda ya faɗi ba. Wani injiniya a birnin Chennai, wanda ba ma'aikacin ISRO ba ne ba kuma na NASA ba, ya sauke hotunan wurin na kafin faɗuwar da na bayanta, yana jera su a kwamfutarsa bayan ya tashi aiki, yana bin su ɗigo-ɗigo, har ya ga wani ɗan farin tabo da babu shi a tsohon hoton. Ya rubuta wa NASA. A Disamba 2019 hukumar ta tabbatar tarkacen kumbon ne, ta sanar da wurin, ta kuma ambaci sunansa a matsayin wanda ya fara gani.